Yadda Ake Haɗa Maganin Ganye da Saiwa a Gida, Tun Daga Tsinka Har Zuwa Sha

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci, ya tashi cikin dare ya danna ƙwayar kanumfari a kan haƙorin har dasashinsa ya yi nauyi, zugin ya lafa, ba sai an gaya masa cewa itatuwa suna aiki a jiki ba. Abin da ya kwantar da zugin nan wani mai ne da ke cikin kanumfarin, masana na ce masa yujinol, kuma har gobe likitocin haƙori suna sa shi a ciko na wucin gadi. Haka asalin magungunan asibiti da dama yake. Kwinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka aka samo shi, wasu masana biyu a Faransa suka ware shi a 1820. Atemisinin, jigon maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, daga wani nau'in tazargade da ke tsiro a ƙasar Sin ya fito.

Na fara da wannan ne saboda wata magana da nake yawan ji, kuma tana damuna: "Ai ganye ne kawai, in bai yi magani ba, ba zai yi illa ba." Maganar nan ta kwantar da mutane da yawa. Abin da ke da ƙarfin kashe zugi ko saukar da hawan jini yana da ƙarfin taɓa hanta da ƙoda idan aka wuce gona da iri. Ina son maganin itatuwa, ina amfani da shi, kuma son da nake masa ne ya sa nake so a riƙe shi yadda ake riƙe kowane magani. Ga yadda ake bi.

Mataki na ɗaya: san ciwon kafin ka nemi ganyen

Kafin hannunka ya kai ga ganye, tambayi kanka me ke damunka, tun yaushe, kuma ƙaruwa yake ko raguwa. Maganin gida yana da iyakarsa. Mura, ɗan tari na kwana biyu, kumburin ciki, tashin zuciya, taurin bayan gida, ƙaiƙayin maƙogwaro, ciwon haƙori kafin a isa wurin likita, a nan ne yake taka rawa sosai.

Akwai kuma inda ba a tsayawa ɗora tukunya. Jini a bayan gida ko a amai ko a majina, idanu su yi rawaya, numfashi ya sarƙe, ciwon ƙirji, jijjiga, kumburin fuska da ƙafafu, rama ba dalili, saran maciji, tarin da ya haura mako biyu, duk waɗannan na asibiti ne kai tsaye. Zazzaɓi mai zafi kuwa, balle ga yaro, gwajin jini ake fara yi.

A kan zazzaɓin cizon sauro bari in ɗan tsaya. Wani zai ce tunda atemisinin daga tazargade ya fito, me zai hana a dafa ganyen a sha? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani a 2019 cewa ba ta goyon bayan hakan, kuma dalilinta a fili yake. Yawan sinadarin a ganye ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, kuma abin da ke shiga ruwan shayi sau da yawa bai isa ya kashe ƙwayoyin cutar duka ba. Zafin jiki ya sauka, mutum ya zaci ya warke, bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo da ƙarfi. Ƙwayoyin da suka tsira kuma su ne ake tsoron su saba da maganin, har ya daina cin su.

Mataki na biyu: tabbatar da itacen da ke hannunka

Kama da wane ba ta wane. Suna ɗaya kan hau itatuwa biyu, itace ɗaya kuma kan amsa suna uku, sannan ganye idan ya bushe kusan duk kamarsu guda. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, an riƙa ba mata wani haɗin rage ƙiba mai ɗauke da saiwar wani tsiro daga Sin. Wajen kawo kayan aka musanya saiwar da ta wani tsiron daban na dangin Aristolokiya, domin sunayensu a harshen Sinanci sun yi kusa. Mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace. Da yawa suka koma kan wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya ɓullo musu a hanyar fitsari. Kuskuren suna kaɗai ya jawo wannan. Duman dutse, wanda wasu ke ce wa maɗacin ƙasa, daga wannan dangi yake, don haka ni ba na shan sa kuma ba na ba kowa.

Hanyar koyo ita ce ka tsaya a gaban itacen yana raye, tare da wanda ya san shi. Duba yadda ganyen ya jeru a reshe, biyu-biyu suna fuskantar juna ko ɗaya bayan ɗaya. Duba furen da 'ya'yan. Murza ganye ka shinshina. Karya tsinke ka ga ko yana fitar da farin ruwa. Hoton waya zai iya taimaka maka, amma kada ka sha abu don kawai ya yi kama da hoto. Idan saya za ka yi, nemi ganyen ko saiwar a yadda suke, ka daka da kanka. Gari yana ɓoye komai, da tsufa, da fumfuna, da algus.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya riƙe biyar ko shida ya san su ciki da bai: citta, na'a-na'a, kanumfari, tafarnuwa, zoɓo, hulba. Wanda ya san shida da kyau ya fi wanda ya haddace sunan sittin.

Ka kuma san waɗanda ba a wasa da su. Zaƙami yana gusar da hankali, ya busar da baki, ya sa zuciya gudu, kuma yana kisa. 'Ya'yan zurma suna da dafi mai tsanani idan aka tauna, ko da yake man da aka tace daga cikinsu yadda ya kamata ba ya ɗauke da dafin. Farin ruwan tumfafiya yana lalata ido kuma yana taɓa zuciya. Tunda an zo kan ido: kada a ɗiga ruwan kowane irin ganye a cikinsa, komai yabon da aka yi wa ganyen, kada garin neman gira a rasa ido.

Itace ɗaya ma sashe ya bambanta da sashe. Ganyen zogale ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma saiwarsa da ɓawonsa ba na mai juna biyu ba ne. Ganyen darbejiya ana dafawa a wanke fata da shi, amma man 'ya'yanta an sha samun jarirai da ƙananan yara da aka ɗura wa suka kama amai da jijjiga, likitoci a Indiya da Malesiya sun rubuta hakan tun tuni.

Mataki na uku: ɗiba

Kada ka ɗebi komai a bakin babban titi, ko kusa da bola, ko gefen kwata, ko a gonar da aka yi wa feshi. Tsiro yana zuƙar abin da ke ƙasarsa, har da gubar dalma, kuma wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ciki.

Da hantsi ake tsinkar ganye, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Masu ƙamshi irin na'a-na'a da ɗoɗɗoya sun fi ƙarfi dab da za su yi fure. Fure ana ɗibarsa yana buɗewa, iri sai ya nuna, saiwa kuma sai ganyen tsiron ya fara bushewa, lokacin da ya tattara ƙarfinsa a ƙasa. Zaɓi ganye mai lafiya, ka bar wanda tsutsa ta ci ko ya yi ɗigo-ɗigo.

Sassaƙe kuwa, a nan ake ɓarna mai ciwo. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. Idan ka zagaye gindin itace da wuƙa ka ɓare, ka yanke masa hanyar, kuma zai mutu a tsaye ko da bayan shekara ne. Ɗebi siririn tsiri daga sama zuwa ƙasa a gefe ɗaya kawai, ko ka sassaƙi reshe. Ganye ma kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku.

A kwando ko jakar takarda ake zubawa, ba a leda ba. Na taɓa barin na'a-na'a wuni guda a ƙulle cikin leda a lokacin zafi. Da na kwance, tiriri ne ya fara bugun fuskata, ganyen da ya fito shar da safe ya koma baƙi, ya yi yauƙi, ƙamshin ya zama warin ruɓa. Ko ganye ɗaya ban tsira da shi ba.

Mataki na huɗu: wanki da shanya

Rabin ingancin magani a shanya yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Ɗauraye ganyen da ruwa mai tsafta sau ɗaya ko biyu, da sauri, ba tare da jiƙawa ba. Girgiza ruwan ya fita, sannan ka baza a kan tsumma mai tsafta ko raga, ganye kusa da ganye, kada wani ya hau kan wani. A inuwa mai iska ake yi, nesa da ƙasa, inda ƙura da kaji da ɓeraye ba za su kai ba. Rana kai tsaye tana cinye launi, tana kuma korar man da ke ba ganye ƙamshi, alhali a ganye da yawa man nan shi ne maganin. Mai busarwa da na'ura kada ya wuce maki 40 a ma'aunin Salshiyos ga ganye da fure. A riƙa juyawa kullum. Cikin kwana uku zuwa bakwai yawancin ganye ya bushe, gwargwadon laimar iska.

Ga yadda za ka gane ya yi. Ɗauki ganye ka murza tsakanin yatsu, in ya farfashe ƙas-ƙas to ya bushe. Lanƙwasa tsinkensa, in ya karye ya yi, in ya lanƙwashe kawai to da sauran ruwa. Busasshen ganye mai kyau yana nan kore, kuma in ka murza ƙamshinsa zai tashi. Wanda ya koma ruwan ƙasa kamar tattaka ya riga ya yi asarar yawancin ƙarfinsa.

Saiwa da ɓawo a goge musu ƙasa da burushi, a yanka siri-siri tun suna ɗanye, domin in sun bushe sai gatari. Suna iya ɗaukar mako biyu ko fiye. Kaurin yanka ne ke yaudarar mutum: waje ya bushe, ciki yana da danshi, a rufe a kwalba, bayan wata guda a tarar da fumfuna.

Fumfuna ba abin karkaɗewa ba ne. Wasu nau'o'inta suna fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cikin sanannun abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Ka ga fari-fari ko kore-kore kamar auduga, ko ka ji warin ɗaki mai laima, zubar da duka. Kada ka tsince na sama ka ce na ƙasa lafiya lau ne.

Mataki na biyar: ajiya

Kwalba busasshiya mai murfi gam, a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu. Rubuta sunan abin da kwanan wata a jikinta, domin bayan wata uku ba za ka bambance garin wannan da na wancan ba. Washegarin rufewa ka duba, in kwalbar ta yi gumi daga ciki, juye ka sake shanyawa. Ganye da fure shekara guda, saiwa da ɓawo kamar shekara biyu, gari kuwa wata shida ya fara sanyi, shi ya sa ba a daka sai abin da za a yi amfani da shi kwanan nan. A ajiye inda hannun yara ba ya kai.

Mataki na shida: haɗawa

Ƙa'idar mai sauƙi ce: mai laushi a jiƙa, mai tauri a tafasa.

Ganye da fure jiƙon ruwan zafi ake musu. Tafasa ruwan shi kaɗai, sauke, zuba a kan ganyen, rufe, ka ba shi minti 10, sannan ka tace. Awon da aka saba ga ganyaye masu sauƙi shi ne cokalin shayi ɗaya na busasshe, wato giram 1 zuwa 2, a kofi ɗaya mai cin mililita 250. In ɗanye ne a ninka sau biyu ko uku, tunda yawancinsa ruwa ne. Rufewar nan ba ado ba ce. Ɗaga murfin bayan minti goma ka ga ɗigon da ya taru a cikinsa, ka shinshina. Man ganyen ne da ya so tserewa da tururi, sai ka karkaɗe shi ya koma kofin. Mai barin na'a-na'a tana ta ɓararraka a buɗaɗɗiyar tukunya har gida ya ɗauki ƙamshi, ya shayar da iska maganin ne, shi kuma ya sha ruwa.

Saiwa, ɓawo da iri masu tauri su ne na tafasawa. Babban cokali ɗaya na yankakke a kofi biyu na ruwan sanyi, a ɗora, in ya tafasa a rage wuta ya riƙa yi a hankali minti 15 zuwa 20, da murfi. A yi amfani da tukunyar ƙarfe marar tsatsa, ko ta ƙasa, ko ta tangaran. Abu mai tsami irin zoɓo yana cin tukunyar alminiyam. Gwangwanin fenti ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari kuwa, ko an wanke sau goma, ba a zuba magani a ciki.

Kada ka ɗauka daɗewa a wuta shi ne ƙarfi. Labarin atemisinin ya nuna haka. Gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro a 1967, daga baya aka sa wata masaniya mai suna Tu Youyou cikin aikin. Sun gwada tazargaden nan, sakamakon yana zuwa yau da kyau gobe ba kyau. Sai ta koma ga rubutun wani likitan ƙarni na huɗu, Ge Hong, ta ga ya ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Bai ambaci wuta ba. Daga nan ta yi zargin zafi ne ke ɓata aikin, ta sauya zuwa tatsa a zafi kaɗan, a 1971 abin ya yi. A 2015 aka ba ta lambar Nobel. Tafarnuwa ma kusan haka take. Sinadarinta mai yaji, alisin, ba ya samuwa sai an daka ta, kuma zafi yana hana shi samuwa. Don haka a daka, a bar ta minti 10, sannan a yi amfani da ita.

Abin da ka jiƙa ko ka tafasa na wuni ɗaya ne, in a firji ne kwana biyu. Kwalbar da ake ta ƙara wa ruwa mako da makonni har ta yi kumfa ta yi tsami, ba wanda ya san abin da ke rayuwa a cikinta, kuma ba wanda ya san ƙarfin kurɓin yau idan aka kwatanta da na jiya.

Man shafawa da busasshen ganye kawai ake yinsa. Cika rabin kwalba da ganye, zuba mai har ya rufe shi sosai, rufe, ka riƙa girgizawa, bayan mako biyu zuwa huɗu ka tace da ƙyalle. Ɗanyen abu a cikin mai yana ruɓewa, ɗanyar tafarnuwa a mai kuwa tana iya haifar da guba mai shanye jiki idan aka ajiye ta a zafin ɗaki aka sha. Kowane abin shafawa a fara gwada ɗan kaɗan a cikin damtse, a jira kwana guda. Kuma kada a ɗaure dakakkiyar tafarnuwa a fata. Na ga wanda ya ɗaura ta a kan ƙurji ya kwana da ita, da safe wurin ya yi bororo cike da ruwa kamar ƙunar tafasasshen ruwa, daidai faɗin abin da ya ɗaura, kuma tabon ya fi ƙurjin daɗewa.

Sirace yana buɗe hanci ya sauƙaƙa numfashi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. A ajiye kwanon a wuri tabbatacce, fuska ta yi nisan kamu ɗaya da rabi, idanu a rufe, minti 5 zuwa 10. Ba a yi wa ƙananan yara, domin ƙunar ruwan zafi ta fi murar muni nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: awo da wa'adi

Abu ɗaya ake farawa da shi. In ka haɗa bakwai ka samu sauƙi ba ka san wanda ya yi aikin ba, in kuma jikinka ya yi ruɗu-ruɗu ba ka san wanda za ka guda ba. Fara da rabin awo a rana ta farko. Ka ɗibar wa kanka wa'adi tun kafin kurɓin farko: kwana uku ba canji, ko abin ya ƙaru, a ajiye a tafi asibiti. Awon da ke tafe duk na manya ne.

Citta ta yi suna wajen tashin zuciya, kuma gwaje-gwaje sun goyi bayan hakan. Yanki kamar rabin babban yatsa, a yanka siri-siri a tafasa minti 10. In gari ne, kimanin giram 1 a rana ya isa, wato kusan rabin cokalin shayi, a raba biyu ko uku. Wuce giram 4 a rana yakan kawo ƙwannafi da zafin ciki.

Na'a-na'a tana sakin hanji, shi ya sa take kwantar da kumburi da murɗa. Amma wannan sakin yana kai wa har bakin tumbi, don haka mai ƙwannafi sai ta ƙara masa.

Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Tufts a Amurka suka wallafa a 2010, mutanen da jininsu ya fara hawa suka sha kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta awon hawan jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Taimako ne mai kyau, in ba a cika shi da sukari ba. Amma maki bakwai ba za su isa wanda jininsa ke 170 ba, don haka ba ya maye gurbin ƙwayar likita.

Sanamaki shi ne wanda na fi jin tsoron yadda ake shansa. Yana aiki ne ta hanyar zaburar da hanji, kuma sai bayan awa 6 zuwa 12 yake fara nuna kansa. Wannan jinkiri shi ke ruɗin mutane: a sha, a jira awa biyu shiru, a ƙara, a sake ƙarawa, tsakar dare ciki ya ɓarke da murɗa har jiki ya saki. Rabin cokalin shayi na busasshen ganye a kofi ɗaya, jiƙon minti 10, sau ɗaya da dare, ya wadatar ga mai farawa. Kada a wuce mako guda. Yawan shansa yana zubar da ruwan jiki da sinadarin fotashiyam wanda zuciya ke bukata wajen bugawa daidai, kuma mutum kan wayi gari ba ya iya bayan gida sai da shi. Mai ciwon cikin da ba a san dalilinsa ba kada ya kusance shi, domin in toshewar hanji ce ko afendis, zaburar da hanji haɗari ne.

Hulba, cokalin shayi ɗaya a jiƙa ya kwana. Tana saukar da suga, tana kuma fita a gumi da fitsari da wani ƙamshi nata, kada hakan ya tsorata ka. Kirfa irin mai kauri da tauri da aka fi samu tana ɗauke da kumarin, wanda ke wahalar da hanta, kuma cikakken cokalin shayi kullum na tsawon lokaci yana iya wuce iyaka. Kanumfari ƙwaya ɗaya ko biyu a kan haƙori ya isa, yana kashe zugi ne kawai, ramin yana nan sai an cike. Tataccen mansa kuwa ɗan kaɗan in yaro ya haɗiya yana iya lalata masa hanta.

Mataki na takwas: waɗanda dole su yi taka-tsantsan

Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ake ba shi, ba jiƙo, ba tafasasshen komai. Hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin tace abin da babba ke tacewa ba. Zuma tana sauƙaƙa tarin dare ga yaro, cokalin shayi ɗaya kafin barci, amma sai wanda ya haura shekara guda, domin ƙasa da haka tana iya jawo masa wata cuta mai shanye jiki.

'Yar'uwa mai juna biyu, musamman a wata ukun farko, ki bar duk wani abu mai ɗaci ko mai gudar da ciki ko wanda aka ce yana "wanke mahaifa". Hulba da yawa, saiwar zogale, darbejiya, tazargade, duk ki jingine su. Ko citta ki tambayi ma'aikaciyar da ke miki awo. Mai shayarwa ma ta tuna wani abin yana bi ta nono.

Mai ciwon ƙoda ko hanta kada ya sha komai sai da sanin likitansa. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ko asfirin ya kula da yawan tafarnuwa da citta da kurkur, domin suna iya ƙara zubar jini, kuma wanda za a yi wa tiyata ya dakatar da su mako biyu kafin ranar. Mai shan maganin suga in ya haɗa da hulba, sugan na iya faɗuwa ƙasa, ya ji rawar jiki da gumi da jiri. Sannan maganin farfaɗiya, na tarin fuka, na ƙanjamau da allurar insulin, ba a ajiye su don an samu ganye, ko wa ya yi alkawarin warkewa. Idan likita ya tambaye ka me kake sha, faɗa masa duka. Ɓoyewar nan tana sa ya yi ta neman dalilin ciwo a inda ba ya nan.

Haɗin da aka riga aka ƙulla a kwalba ko leda, ba suna, ba jerin abin da ke ciki, kuma aka ce yana maganin cuta ashirin, ni dai ba na saya. An sha kama irin waɗannan da garin ƙwayoyin asibiti a ciki, musamman masu kashe ciwon gaɓoɓi. Mutum ya ji garau cikin kwana biyu ya yi ta godiya, bayan watanni fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, suga da jini su hau, alamar an ɗura masa sitiroyid, wani maganin asibiti mai ƙarfi, bai sani ba. A birnin Boston na Amurka, wani bincike na 2004 ya gwada magungunan gargajiya 70 da aka shigo da su daga Kudancin Asiya, aka samu sinadarai masu guba, dalma ko makuri ko asanik, a cikin 14.

Mataki na tara: rubuta, ka kuma san lokacin tsayawa

Samu ɗan littafi. Rubuta abin da ka sha, nawa, ƙarfe nawa, da abin da ka ji bayan nan. Mai hawan jini ko suga ya rubuta lambobin awonsa kafin ya fara da kuma bayan mako biyu, domin "na ji dama-dama" ba ya nuna inda jini ya tsaya.

Ka dakata nan take idan ka ga ƙuraje ko ƙaiƙayi, amai ko gudawa mai yawa, jiri, bugun zuciya da ba ka saba ji ba, fitsari ya ragu ko ya yi duhu, ko idanu sun fara rawaya. Kumburin leɓe ko harshe da sarƙewar numfashi kuwa ba a jiran gari ya waye.

In yaro ko babba ya haɗiyi abin da ake zargi, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa mai ko madara ko wani jiƙon don karya na farkon. In ya galabaita a kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi. A ɗauki ragowar ganyen ko saiwar, da kwalbar, da littafin nan, a tafi da su asibiti tare da shi, a gaya wa likita ƙarfe nawa aka sha da kuma yawan abin da aka sha.